Zaman Laraba

Toledo, Ohio
Oktoba, 1981

Yaya Lucinda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mama da maigidanki Bento da yara. Ki ce wa Mama ina cin abinci. Ƙarya ce, amma ki faɗa mata.

Bayan haka, kin ce in daina aiko miki da kati mai layi biyu, in zauna in gaya miki yadda koyon fiɗa yake. To ga shi. Yau in kwana a asibiti, gobe in kwana a gida, sai dai gidan nan ina shigarsa da duhu ne in fita da duhu, har maƙwabcina ya ɗauka mai gadi ne ni. Na taɓa yin barci a tsaye ina riƙe da ƙarfen buɗe ciki, kuma babu wanda ya lura, domin aikin ba ya buƙatar mutum a farke. Albashi kuwa, ranar da mai goge mana ƙasa ya ji abin da ake ba ni, shi ya saya min gahawa.

Duk wannan ba shi ne abin da ke ci min rai ba. Mu shida ne a shekara ta biyu, uku za a bari su shiga ta uku. A watan Fabrairu ake yankewa. Sauran ukun su ƙarasa aiki zuwa Yuni, a yi musu godiya, su kama gabansu da rabin sana'a a hannu, ba su zama masu fiɗa ba, ba su koma komai ba. Saboda haka kana cin abinci da mutum, kana masa dariya, kana kallon hannunsa kana fatan ka ga ya yi rawa. Na kama kaina ina yi wa Whitaker haka, yaron kirki ne kuwa, sai na tashi na bar abincin.

Shugaban sashen, Dokta Crane, bai taɓa kiran sunana ba. “Masunci” yake ce min. Na ce masa ubana ne masunci, ni likita ne. Ya ce, “Za mu gani a Fabrairu.”

Da ba don Amaro ba da tuni bakina ya kore ni. Amaro dai na gidan Sylvia, wanda ya jawo ni nan, shi ne shugabanmu na masu koyo a bana, shekararsa ta ƙarshe. Kin tuna da katinsa na karance rabin laburaren garinmu bayan an ƙwace nawa saboda na ce wa matar da ke kula da wurin ba ta taɓa buɗe littafi ba? Har yau haka yake. Idan na buɗe baki zan mayar wa Crane magana, sai in ji ƙafarsa a kan tawa.

Akwai abu ɗaya a wurin nan da nake girmamawa, ko da yake ban so in girmama komai nasu ba. Kowace Laraba da safe ana taruwa a ɗakin lacca a bi duk aikin da ya lalace a makon. Al'adarsu ita ce, ƙaramin da ya shiga fiɗar shi ke fita gaba ya ba da labarin, ya rufe da cewa, “Kuskurena ne.” Ko shi ya yi, ko ba shi ya yi ba. Sai manya su yi masa ruwan tambayoyi har ya jiƙe da gumi. Daga nan sai babbansa ya miƙe ya ce, “Zauna. Ni ne babba a ɗakin, nawa ne.” Wani lokaci na sama da shi ma ya miƙe. Haka laifin zai yi ta hawa har ya ɓace a rufin ɗaki, kowa ya koyi abin da zai koya, a tashi.

Makon jiya Whitaker ne a gaba, takardarsa tana karkarwa. Amaro ya miƙe yana gyara farar rigarsa, ya ce, “Zauna, Whitaker, kafin ka faɗi mu yi maka fiɗa kai ma.” Aka yi dariya. Yaya, na ji alfahari har wuya, ɗan layinmu ne wannan.

Ki gaida Mama, ki sumbatar min yara. Idan za ki aiko da burodi mai zaƙi, ki aiko biyu, Amaro yana cinye min.

Ƙanenki,
Teo

*

New Bedford
Nuwamba, 1981

Autan Mama,

Na gaishe ka da kyau, kowa yana gaishe ka. Wasiƙarka ta iso. Na karanta wa Mama, na tsallake inda ka ce ƙarya ce, amma ta ce, “Ba ya cin abinci,” tun kafin in kai ƙarshen layin.

Kai dai ba ka canja ba. An ce ka ba da labarin aiki, ka zagi kowa har da rufin ɗaki. Ka ji ni da kyau, Teodoro. Mutumin nan ya kira ka masunci, ka amsa. Baba ya yi shekarunsa a ruwa, bai taɓa jin kunyar sunan ba. Fabrairu kamar gobe ce. Ka riƙe harshenka zuwa lokacin, bayan nan ka zage shi a ranka yadda kake so.

Jirgin su Bento ya shigo, kifi babu yawa. A wurin aikinmu na yankan kifi an ƙara mana gudun injin, yatsuna ba sa miƙewa da safe sai na sa su a ruwan zafi. Ba ƙorafi nake ba. Idan na tuna ƙanena zai zama mai fiɗa, sai in ji wuƙar ta yi sauƙi.

Ga labari mai daɗi, ko da yake na san ka riga ni ji. Matar Amaro ta haihu, mace, an sa mata Filomena. Uwar Amaro ta zo gidanmu da kanta ta ce ni suke so in zama uwar baftismar yarinyar. Za su kawo ta gida a yi mata Lahadin bayan Ista. Mama ta yi kuka, ta ce yanzu gida biyu sun zama ɗaya. Tun ranar take ɗinka rigar, ta hana kowa taɓa teburin.

Burodi biyu na aiko. Ɗaya na Amaro ne, kada ka yi masa rowa.

Allah ya tsare ka.

Yayarka,
Lucinda

*

Toledo
Janairu, 1982

Yaya Lucinda,

Barka da sabuwar shekara, da fatan sanyi bai hana Mama zuwa coci ba. Ki yi haƙuri da shiruna. Wani abu ya faru, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Akwai wani tsoho, Mista Dudek, ya yi aiki a masana'antar gilashi har ya ajiye. Ya zo a cire masa matsarmama, aikin da ake yi a nan kullum. “Dokta Kifi” yake ce min, ni kuma in ce masa “Kwalba.” Amaro ne ya yi fiɗar. Crane yana ɗakin da ke kusa yana wata, ya leƙo sau ɗaya ya koma. Ni ina riƙe da ƙarfe. Ki gane, wanda ke riƙe da ƙarfe ba ya ganin komai sai kafaɗar mai fiɗa da bayan kunnensa. Aka gama, aka rufe.

Bayan kwana biyu tsohon ya koma rawaya har cikin ido. Da aka sake buɗe shi aka tarar an ɗaure babban bututun da ke kai ɗaci daga hanta zuwa hanji, ba ƙaramin da ya kamata ba. Crane ne ya gyara da kansa. Dudek yana raye, amma da roba a gefen ciki, kuma zai daɗe a kwance.

Jiya da rana Amaro ya kira ni ɗakin cin abinci, ya saya min nama da dankali, abin da bai taɓa yi ba. Ya rame. Ya ce, “Ɗan unguwa, Laraba mai zuwa kai za ka fita.”

Na ce, “Na sani mana. Ni ne ƙarami.”

Ya ce, “Ina nufin ka faɗa sosai. Ka ce kai ka sa zaren.”

Na ce, “Ni da ban ga komai ba sai ƙeyarka? Aski ma kake buƙata.”

Bai yi dariya ba. Ya ce Crane ya tsani kewaye-kewaye, yaron da ya fito fili ya ce ni na yi, shi yake gani namiji. Ya ce shi ma haka ya yi wa babbansa yana shekara ta biyu. Ya ce, “Kowa ya san yadda abin yake. Ka faɗa, su ɗan gasa ka, in miƙe in karɓe. Ka taɓa ganin ban miƙe ba?”

Ban taɓa gani ba. Na ce masa to.

In gaya miki gaskiya, har da farin ciki a raina. Saura makonni a yanke, kuma ga dama in tsaya gaban Crane in nuna masa masunci ba ya rawa. Na haddace duk abin da aka rubuta a kan bututun nan, har da na tsofaffin littattafan da babu mai taɓawa a ƙasan laburaren asibiti. Su zo da tambayoyinsu.

Da safe na je canja wa Dudek bandeji. Ya ce, “Dokta Kifi, kun mayar da ni lemon tsami.” Na ce ai ya fi kyau a haka. Ya yi dariya har ɗinkin ya yi masa zafi.

Kada ki gaya wa Mama, balle uwar Amaro. Ki yi min addu'a.

Naki,
Teo

*

New Bedford
Janairu, 1982

Teo,

Ina gaishe ka. A gurguje nake rubutu don ta same ka kafin Laraba, ko da yake na san ba lallai ba.

Ni ban yi karatunku ba, kuma ban san al'adar likitoci ba. Amma na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karantawa a zaune, tambaya ɗaya ta ƙi barina. Idan kowa ya san ba kai ka yi ba, to wa za ka yi wa ƙaryar? Da can ka ce ƙarami yana cewa kuskurena ne, shi ke nan. Yanzu an ce ka ce kai ka sa zaren. Waɗannan ba magana ɗaya ba ce.

Ba na zargin Amaro da komai. Yarinyarsa zan riƙa a gaban Fada, limamin cocinmu, ranar baftisma. Amma mutumin da bai taɓa saya maka abinci ba, ka tambayi kanka me ya sa ranar nan ya saya.

Allah ya ba tsohon nan lafiya, kai kuma ya ba ka basira.

Lucinda

*

Toledo
Fabrairu, 1982

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba ni da wata gaisuwa da ta wuce wannan yau.

Wasiƙarki ta iso ranar Alhamis, kwana ɗaya bayan zaman.

Na fita gaba ranar Laraba da sabuwar riga. Na ba da labarin tiryan-tiryan, na ce ni na sa zaren, kuskurena ne. Suka taso min. Wani mai gemu ya tambaye ni ko a kasuwar kifi na koyi sassan jiki. Na haɗiye, na amsa masa daidai. Duk abin da suka jefo na cafe. Da tambayoyi suka ƙare sai ɗakin ya yi shiru, irin shirun da ake yi kowane mako kafin babba ya miƙe.

Na kalli Amaro. Yana layin gaba, kofin gahawa a hannunsa, yana juya shi yana karanta rubutun jikinsa. Na ce a raina yana jira ne ya yi abin dariya. Na ci gaba da tsayuwa. Wani ya yi tari. Whitaker ya sunkuyar da kai. Na tsaya a wurin kamar wanda aka manta a tasha, har Crane ya duba agogonsa ya ce, “Na gaba.”

Na tare Amaro a bakin lif. Ya ce, “Ba yanzu ba, Teo, ana jirana.” Na ce, “Ni ma na jira ka.” Ƙofa ta rufe.

Washegari na shiga ɗakin Dudek da kayan bandeji, matarsa ta miƙe ta tare gadon. 'Yar guntuwa ce, ba ta kai kafaɗata ba. Ta ce, “Ba kai ba. A turo wani.” Magana ba ta kwana a asibiti, daga ɗakin lacca zuwa teburin nas-nas, daga nan zuwa kunnenta. Dudek ya juya fuskarsa bango. Bai ce min Dokta Kifi ba.

Shekaranjiya Crane ya kira ni ofis. Yana fere tuffa. Ya ce hannuna yana da kyau, kaina ma haka, amma babu wuri a shekara ta uku, zai rubuta min takardar yabo. Na ce masa, “Dokta Crane, ba ni na ɗaure bututun nan ba.”

Ya ce, “Na sani. Na riƙe ƙarfen nan kafin a haife ka, na san abin da ake gani daga can.”

Na ce, “To laifin me ake korata?”

Ya ajiye wuƙar. Ya ce, “Ni ina ganinku da rana ne kawai. Shugabanku shi ke kwana da ku, shi ya san wanda za a iya bar wa mara lafiya. Ba na tambayarsa wa zan riƙe, ba a taɓa tambaya ba. Idan Fabrairu ta matso, ina kallon wanda ya miƙe wa ne da wanda bai miƙe wa ba.”

Na ce, “Shi ya san haka?”

Ya ce, “Da haka aka zaɓe shi.”

Kin ji, Yaya. Ba tsoro ne ya kama shi a kujera ba. Ya san abin da zamansa yake nufi tun yana saya min dankali. Ya sa ni na ɗauki kayansa na fita da su gaban mutane, sannan ya yi amfani da kayan ya nuna ni ne ban iya tafiya ba.

Na ce wa Crane, to yanzu ya sani daga bakina, me zai yi? Ya ce abin da aka faɗa ranar Laraba shi aka faɗa, kuma mutumin da zai tsaya gaban sashe ya faɗi abu yau ya janye gobe, bai ga yadda zai riƙe shi ba. Na gaya masa abin da nake gani game da shi da tuffarsa da Larabarsa. Babu ƙafar kowa a kan tawa wannan karon. Ya saurara har na gama, ya ce, “Sai anjima, Dokta Furtado.” Ranar ce ya fara kiran sunana.

Yatsunki nake tunawa a cikin ruwan zafi. Ban san yadda zan kalle ki ba.

Ki gaya wa Mama yadda kika ga za ta iya ɗauka. Kuma ina roƙonki abu ɗaya: kada ki riƙa masa yarinya. Ya nemi wata.

Teo

*

Maris, 1982

Zuwa ga Dokta Teodoro Furtado,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na ajiye wannan a akwatinka ne domin ka ƙi tsayawa mu yi magana, kuma ban ga laifinka ba.

Ba zan ce ban yi maka ba daidai ba. Ina so dai ka san halin da nake ciki. A watan Satumba, kafin na Dudek, na yi wani kuskuren makamancinsa, na miƙe na karɓa. Dokta Crane ya faɗa min a keɓe cewa ɗaya ana yafewa, biyu a shekarar ƙarshe ba a yafewa. Ya yi min alkawarin aiki a sashensa daga Yuli. Shekara biyar na yi a gidan nan. Matata ba ta san fuskata da rana ba, ga jaririya. Na shiga ɗakin ranar da niyyar miƙewa, ka yarda ko kada ka yarda.

Kuma dole a cire uku ko ta yaya. Da bakinka, ban tabbata za ka tsira ba ko da na miƙe. Kai matashi ne, ba ka da iyali, kana da ƙwaƙwalwar da ta fi tawa. Za ka tashi a ko'ina.

Na yi magana da wani abokina a Dayton. Suna da gurbi a sashen masu sa barci lokacin fiɗa, aiki ne mai mutunci, ana kwana a gida. Kalma ɗaya daga gare ka, naka ne.

Abu na ƙarshe. Abin da ya faru a asibiti ya tsaya a asibiti. Iyayenmu mata sun tsufa, ba za su gane ba, kuma Filomena ba ta yi wa kowa komai ba. Ina roƙonka kada ka kai wannan gida.

Ka huta lafiya.

Ɗan'uwanka har kullum,
Amaro Sylvia

*

Maris, 1982

Dokta Sylvia,

Na ga takardarka. Gaisuwarka na mayar maka da ita, ban taɓa ta ba.

Ka ce ka shiga da niyyar miƙewa. Mutumin da ke da niyyar miƙewa ba ya zaunar da yaro tun ana saura mako ya koya masa ya ce “ni na sa zaren.” Da ka bar ni na faɗi abin da kowa ke faɗa, ko ka zauna, da an ce babba ya yi rowa, shi ke nan. Kai ka ɗinka min rigar, ka auna ta a jikina, har da dankali.

Wai da bakina ba lallai in tsira ba. Wataƙila. To da ka bar bakin nawa ya kashe ni, ai nawa ne. Wannan mutuwar zan iya kaiwa gida.

Dayton kuma, na gode. Wato in tsaya a bayan labule in sa mutane barci, irinku su yi ta ɗaure abin da suka ga dama. Ka ba wani. Akwai asibitin gwamnati a wani ƙauye can arewa da ke neman likitan da zai karɓi duk wanda aka kawo, babu mai son zuwa, ni za ni. Ba fiɗa ba ce. Na san ba ita ba ce, ba sai ka tuna min ba.

Na yi tunanin shiga ɗakin Dudek in gaya wa matarsa gaskiya. Na kai bakin ƙofa na dawo. Wanda ya ce shi ne, ya dawo ya ce ba shi ba ne, wa zai saurare shi? Kai kaɗai za ta yarda da kai. Kullum da safe kana shiga, tana miƙe maka, na ji har alewa take ba ka. Tana gode maka da ka cece shi daga hannuna. Ka ci alewar lafiya.

Abin da ya fi min ciwo ba gurbin ba ne. Ina yaro, duk littafin da na karanta sunanka ne a katin. Idan na ci karo da mutumin kirki a labari, fuskarka nake sa masa, don ban san wata ba. Yanzu sai na koma na cire ka ɗaya bayan ɗaya.

Ka ce kada in kai gida. Ka makara, Yaya Lucinda ta sani tun Fabrairu. Abin da za ta yi kuwa, ni ma ban taɓa iya sa ta ko hana ta ba.

Za mu ci gaba da haɗuwa a ɗakin fiɗa zuwa Yuni. Zan riƙe maka ƙarfe yadda ya kamata, don marasa lafiya ba su yi min komai ba. Kada ka sake ce min ɗan unguwa.

T. Furtado

*

New Bedford
Afrilu, 1982

Ƙanena,

Ina gaishe ka, Mama tana gaishe ka.

Na riƙa yarinyar. Ka yi fushi idan kana so. Fada ya yi tambayoyinsa, na tsaya na amsa a madadinta, don na yi alkawari, kuma tana buƙatar wanda idan ya ce zai tsaya mata zai tsaya.

Bayan coci aka tafi zauren ƙungiyar unguwarmu, mutum ya fi ɗari, miya da nama da burodi. Da aka ci aka ƙoshi, uban Amaro ya buga cokali a kwalba ya ce kowa ya miƙe a ɗaga kofi ga ɗansa, likitan unguwarmu. Zaure duka ya miƙe.

Ni ban miƙe ba. Ina babban tebur, yarinya a cinyata, kowa yana ganina. Bento ya kalle ni, ya koma ya zauna. Mama kuwa, da ka san ko ɗan sanda ya wuce sai ta miƙe, ko motsi ba ta yi ba. Ta ɗora hannuwanta a kan tebur tana kallon Amaro. Uwarsa ta ce wa Mama, “Lafiya, Dona Alzira? Ƙafar ce?” Mama ta ce, “Ƙafata kalau. Ɗanki ya san dalili.”

Amaro bai sha abin da ke kofinsa ba.

Ka zo gida a Yuni kafin ka wuce arewa. Yatsuna nawa ne, ban ba ka aro ba, ka zo ka kalle ni. Mama ta ce ka ci abinci.

Yayarka,
Lucinda